Safar Gwiwar Liman

Ƙaura Namoda,
3 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga Malam Hashimu, limamin Masallacin Gangare, Birnin Tsaba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kaka Yalwa da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana Safwan yana gaishe ka, yara ma sun warke daga murar da ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce ina fata kana lafiya ne don haka ake buɗe wasiƙa, amma na san ba lafiya ba. Bawa direba ya tsaya a ƙofar asibitinmu jiya, ya zayyana mini komai. Ya ce ranar da kuka dawo daga Gusau wajen taron ƙaddamar da Shari'a, ka ƙi jira a kama maka hannu, ka diro daga bayan a-kori-kura sai ka ce saurayi, gwiwa kuwa ta ce ba da ita ba. Ya ce tun daga ranar a zaune kake salla.

Haba Malam! Duk jama'ar da ta je Gusau kowa ya koma gida da ƙafafunsa biyu, sai angona? To ka sani, yanzu Shari'a ta zo. In ka ce gurgunta za ka yi, gaban alƙali zan kai ka ya raba mu, don ba zan zauna da mijin da ba ya iya raka ni bakin mota ba.

Mu bar raha. Tun da Allah ya karɓi ran Kaka Saliha, yayarka, kai kaɗai ka rage mini a kakanni, kuma labarin nan ya tayar mini da hankali. Amma na ga irin ciwon nan da yawa a wurin aiki, kuma yawancin masu shi da ƙafarsu suka koma gida. Akwai abin da muke ba su, ana ce masa safar gwiwa. Kamar safa take, sai dai ba ta da tafin ƙafa, gwiwa kaɗai take rufewa ta matse ta.

Sai dai kowa da girman tasa, don haka ina son awo. Ka miƙe ƙafar, a auna yatsu huɗu sama da ƙoƙon gwiwa, a zagaya wurin da zare a ƙulla, ka ba Bawa ya kawo mini. A kan fata za a auna, ba a kan wando ba. Ka kuma faɗa mini gaskiya yadda ciwon yake, ba irin gaskiyarku ta tsofaffi ba, wadda ko ana yanka ku sai ku ce da sauƙi.

Jikarka,
Mardiyya

*

Birnin Tsaba,
ƙarshen watan Azumin Tsofaffi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga Hashimu ɗan Malam Sodangi zuwa ga jikarsa Mardiyya, gaisuwa da aminci da sa albarka. Yalwa tana amsawa. Gero ya shiga rumbu, dawa ma an kusa gama yanka, alhamdu lillahi.

Takardarki ta iso. Kin san ni da boko sai kallo, don haka Ladan Faruku na ba ya karanta mini a zaure, gaban masu ɗaukar karatu. Da ya kai wurin alƙali sai da zauren ya ɗauka da dariya. Kin kunyata ni, Allah ya shirye ki. Ni da ajami zan ci gaba da rubuto miki, tunda Saliha ta koya miki shi kafin boko ya ƙwace ki.

Bawa ya ƙara gishiri. Ban diro ba, motar ce ta yi tsawo. Kuma ko da na san haka za ta faru, da sai na je. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin kabbara ta girgiza ƙasa haka ba. Na yi kuka, ban ɓoye wa kowa ba.

Ga gaskiyar da kika nema. Abbati mai ɗori ya lalube ƙafar ya ce ba karaya, targaɗe ne. Kumburin ya saɓe. Ina tsayuwa, ina ruku'u. Matsalar wurin sauka sujada ne da tasowa. Da na ɗora mata nauyi a lanƙwashe sai ta sake, in tafi gefe guda.

Ke kin san hukunci. Wanda ya gaza wani rukuni ba ya jan masu iyawa. Saboda haka Faruku ke jan salla, ni kuwa an kife mini turmi a ƙarshen sahu, ina zaune a kai ina nuni da kai. Masallacin nan mahaifina ya ja shi har ya rasu, ni na karɓa tun gemuna yana baƙi. Shekaranjiya dattawan unguwa suka zo, suna ta sunkuyar da kai, suka ce in har aka ga watan azumi ban iya sujada ba, za a tabbatar wa Faruku limanci. Ban ga laifinsu ba, ni na koya musu hukuncin. Faruku ma ba ya so, kullum sai ya waiwayo ya dube ni kafin ya shiga gaba.

Limancin yana damuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma akwai abin da ban faɗa wa dattawa ba. Tun ina ɗan bakwai goshina bai taɓa wuni bai taɓa ƙasa ba, sai bana. Wannan ya fi gwiwar ciwo.

Ga awo nan a naɗe. Zaren Yalwa na kaɗi ne, yana miƙewa, shi ya sa na sa aka tsago kaba. In abin naki zai yi, ki aiko. In ba zai yi ba ki faɗa mini, kada ki lallashe ni.

Wassalam.

*

Ƙaura Namoda,
12 ga Nuwamba, 1999

Malam, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Kaka Yalwa. Muna lafiya. Allah ya sa albarka a abin da aka noma.

Kabarka ta iso a bushe, ta nannaɗe kamar kilishi. Sai da na jiƙa ta a ruwa ta miƙe kafin na iya ɗora ta a kan tef ɗin awo. Abokan aikina sun sha dariya, wai kakana ya aiko mini da tsarabar ƙauye.

Ka ce kada in lallashe ka, to ba zan lallashe ka ba. Safar gwiwa ba magani ba ce. Jijiyar da ta gurɗe da kanta za ta warke, da hutu da ikon Allah. Aikin safar shi ne ta tallafe gwiwar ta kowane gefe, ta ɗumama ta, ta hana ta zillewa lokacin da ka lanƙwasa. Yadda ka bayyana ciwon, irin wanda take yi wa aiki ne sosai. Ina da yaƙinin kafin a ga wata za ka koma gaban sahu, in sha Allahu.

Ga ta nan a cikin ƙullin. Na san halinka, ba ka sa abu a jiki sai ka san da me aka yi shi, to saurara. Abu uku aka saƙa ta da su. Cikinta, inda ke taɓa fata, auduga ce, don ta shanye gumi. A tsakiya akwai siraran zaren roba da aka saƙa a zagaye, irin na ƙugun wandon yara amma sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, su ne ke yin matsin. Bayanta kuma siliki ne, shi ya sa za ka ga tana sheƙi tana santsi. Shi ke hana wando kama ta, shi ke kuma sa ta daɗe ba ta cinye ba.

Ka sa ta da safe kafin ka taka ƙasa, ka cire in za ka kwanta. Kada ka shafa man kaɗe a ƙarƙashinta, mai yana cin roba. In ka cire ta da dare ka shafa abinka. A wanke ta da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Ka faɗa wa Kaka Yalwa kada ta ga ta jiƙe ta kai ta bakin murhu, zafi yana kashe roba ta saki. In ka ji yatsunka suna sanyi ko ƙafar ta mutu, ka cire nan take ka aiko mini. Alwala kuwa ba ruwanta da gwiwa, wannan kai za ka koya mini.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda na san za ka yi wa gardama. Bayan kowace salla, kana zaune a kan turmin nan naka, ka miƙe ƙafar sambal, ka ɗaure naman cinyar ya yi tauri, ka riƙe har ka gama Ƙulhuwallahu, ka sauke, ka sake. Safa tana tallafi ne kawai, naman cinya shi ke ɗaga mutum.

Na ɗage ƙarar zuwa bayan salla.

Jikarka,
Mardiyya

*

Birnin Tsaba,
farkon watan Sha'aban

Da sunan Allah. Daga Hashimu zuwa ga Mardiyya, gaisuwa da aminci. Muna lafiya. Yalwa na fama da ɗan tari, amma da sauƙi, kuma wannan sauƙin na gaskiya ne.

Saƙonki ya iso ran Asabar da hantsi. Faruku yana gona, ba mai karanta takarda, ni kuwa na ƙagu. Na zura ƙafa na ja abin har ya hau gwiwa. Mardiyya, na ji kamar hannu biyu sun kama ni sun riƙe. Na shiga ɗaki na dafa bango, na sauka har gwiwa ta taɓa buzu, na taso ban faɗi ba. Yalwa ta saki guɗa sai da na tsawata mata.

Bayan la'asar aka taru a zaure, na miƙa wa Faruku takardar ina murmushi. Yana cikin karatu, ya wuce auduga, ya wuce roba, sai ya yi turus.

Na ce, "Karanta mana, mi kat tsaya jira?"

Ya ce, "Malam, nan ta ce bayan abin siliki na."

Sai Hayatu mai tireda, wanda kin san bakinsa ba linzami, ya ce, "Siliki? Ashe alharini ad ɗaure ga ƙahwar liman?"

Ki fahimci halin da ake ciki. Tun da aka dawo daga Gusau kowa ya farka. Wannan ya zo ya tambayi hukuncin agogonsa, wancan ya tambayi na mudunsa, kuma ni ina murna da haka. Ranar Juma'a, wato jajiberin zuwan saƙonki, a zauren nan na karantar da babin tufafi. Da bakina na ce zinariya da alharini an halatta su ga mata, an haramta su ga maza. Mutum biyu suka cire zobe a wurin. Washegari sai ga shi an karanto cewa alharini ne a jikina.

Na tattare wando a gabansu na zare ta, na rataye a ƙusar da ke bakin ƙofa. Tana nan har yanzu, masu wucewa suna leƙowa suna kallo.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce larura ce, kuma an taɓa yi wa masu ƙaiƙayi rangwame su sa alharini. Na san wannan, na karanta shi tun ba a haifi uwarki ba. Da wani ne ya zo mini da irin ciwona, mai yiwuwa in ba shi fatawa ya sa. Amma da wane baki wanda ya hana mutane ran Juma'a zai halatta wa kansa ran Asabar? Mutanen nan yanzu suka fara riƙon abin da hannu biyu. Ba zan zama wanda zai nuna musu cewa Shari'a ma roba ce, tana miƙewa daidai gwiwar liman ba.

Ban ji haushinki ba, alheri kika nufa. Abin da ke ci mini rai shi ne na ɗanɗana na ga tana aiki. Ki bincika mini ko akwai wadda aka yi ba siliki, ko da ba ta kai wannan kyau ba. Ki hanzarta, wata yana tafiya.

Wassalam.

*

Birnin Tsaba,
bayan rabin Sha'aban

Da sunan Allah. Mardiyya, gaisuwa. Muna lafiya, tarin Yalwa ya tafi.

Bawa ya rantse mini cewa hannu da hannu ya ba Safwan takardata. Kasuwa ta ci ta sake ci, ban ji daga gare ki ba. An ce shiru ma magana ce. In fushi kika yi don na rataye kyautarki a ƙusa, ki yi haƙuri, ba raini ba ne.

Ban zauna haka nan ba. Na naɗa tsohon rawanina a gwiwar, ina yin ruku'u ya sulale ya koma idon sawu. Abbati ya kawo robar tayar keke ya naɗe ni da ita tamau. Ta riƙe kam, amma kafin azahar ƙafar ta kumbura ta mutu, yatsun suka yi sanyi ƙalau, sai da Yalwa ta sa wuƙa ta yanke ta tana faɗa. Miƙe ƙafar da kika ce kuwa ina yi bayan kowace salla, har yara sun fara kwaikwayona.

Jiya na ga Faruku yana bitar surorin asham a bayan masallaci, da ya hango ni sai ya ɓoye littafin a riga. Na ce masa ya ci gaba, shiri ba laifi ba ne. Amma da na shiga gida na kasa cin tuwo.

Ko babu wata safar, ki rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Wassalam.

*

Shinkafi,
2 ga Disamba, 1999

Malam, assalamu alaikum. Ka gafarci wannan ajami mai kama da tafiyar kaza. Na rubuta da shi ne don ka karanta da idonka, ba sai an yi shela da ni a zaure ba.

Wallahi ba fushi na yi ba. An turo mu ƙauyukan Shinkafi aikin rigakafin yara tun washegarin da na aika maka da ƙullin. Safwan ya karɓi takardunka ya ɗora a kan rediyo, wai ya ɗauka gaisuwa ce. Yau da ya zo cin kasuwa ya kawo mini su biyu a haɗe. Na karanta a tsaye, na yi dariya, na yi hawaye, sannan na wanke Safwan tas.

Malam, babu ko silin alharini ɗaya a safar nan. Kalmar ce ta yaudare mu. A kasuwa duk zaren da ke sheƙi siliki ake ce masa, da na ɗinkin hula da na wuyan riga, ni ma bakin kasuwa na bi. Alharini na gaskiya tsutsa ce ke saƙa shi, daga jikin mai rai yake fitowa kamar gashi. Wanda ke bayan safarka sunansa nailon, a masana'anta ake yin sa daga man fetur. Ɗan'uwan leda ne uwa ɗaya uba ɗaya, sheƙin kawai ya aro.

An rubuta haka a jikin kwalin, amma na san ba za ka karɓi shaidar mai sayarwa a kan hajarsa ba, jama'arka ma ba za su karɓa ba. To ga shaidar da ba ta cin hanci. A wurin ɗinkin rauni muna da zare iri biyu, na alharini da na nailon, kuma yanzun nan na ƙona guntun kowanne don in tabbata kafin in rubuto. Alharini yana ci a hankali, yana ƙaurin gashi kamar ana babbakar kan rago, in ka murje abin da ya rage sai ya zama toka. Nailon ba ya toka. Gudun wuta yake, ya nannaɗe, ya narke, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri, warinsa kuwa na ledar da ta faɗa murhu ne.

Ban ce ka nemi rangwame ba, Malam. Maganarka ta roba da gwiwar liman ta shige ni, kuma ba ni da amsarta. Ashana na ce ka nema.

Ka juya bakin safar ta sama, wurin da ɗinki ya ƙare za ka ga jelar zare mai sheƙi ta ɗan fito. Ita za a yanke da reza. Kada a ja, kada a taɓa fararen zaren roba, in ɗaya ya tsinke sauran za su bi shi. Ka nemi alharini na asali a ƙona tare, don hanci ya ji bambanci. Na tuna Kaka Yalwa tana da tsohon zanen mahaifiyarta mai jan ratsi a ƙasan adaka.

Robar keke kuma, Allah ya tsare gaba. Tana matsewa ne ba ta numfashi, ba ta bin motsin jiki, jini take tsarewa. Ka gaida Abbati ka ce ya tsaya a ɗorinsa.

Na ba wani direban Zurmi takardar nan, ya yi alkawarin za ta kwana a hannunka gobe. Lokaci bai ƙure ba. Wanda ya yi mako uku yana ɗaure cinya da Ƙulhuwallahu ba turmi ne wurinsa ba.

Jikarka,
Mardiyya

*

Birnin Tsaba,
ɗaya ga watan Azumi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga Hashimu zuwa ga jikarsa Mardiyya, gaisuwa da aminci. Barkanmu da ganin wata, Allah ya karɓi ibadarmu. Kowa lafiya. Ki ce wa Safwan na yafe masa, amma ya sayar da rediyon nan.

Na karanta ajaminki da kaina, ko da yake sai da na juya takardar sau biyu kafin na gane sama da ƙasa. Yalwa ta ce mu gwada a ɗaka tukuna mu gani. Na ce a'a. A gaban jama'a aka ji maganar, a gabansu za ta mutu ko ta tabbata.

Bayan la'asar na sa aka sauko da safar daga ƙusa. Na faɗa musu abin da kika rubuto, sannan na ce, "Ku shaida. In wanga zare yay yi ƙaurin gashi, daga yau Faruku na liman, ba sai an jira wata ba."

Yalwa ta miƙo jan zare daga bayan ƙyaure. Daga zanen uwarta ta zaro shi, wanda ko jikokinta ba ta bari su taɓa. Faruku ya riƙe ashana. Na ce Hayatu ya matso, tunda shi ya fara magana, hancinsa ne zai yi shaida.

Aka ƙona na Yalwa. Hayatu ya shinshina ya ce, "Wanga kam babbakar kai ta, har yunwa yat taso min." Ya murje ragowar, ta bi yatsunsa ta zama toka.

Aka yanko jelar safar aka kai mata wuta. Mardiyya, yadda kika faɗa haka aka yi. Zaren ya ja da baya, ya nannaɗe, ya dunƙule. Hayatu bai jira ya huce ba ya kai yatsa zai murje, abin ya manne masa. Ya yi tsalle yana yarfe hannu yana cewa, "Wayyo Allah! Leda ta, wallahi leda ta!"

Ban taɓa jin an yi kabbara da dariya a haɗe ba sai ranar. Kafin magariba kowa ya tuɓe hularsa yana zaro zare a ƙona masa. Yanzu da wuya ki ga hula mai cikakken ɗinki a unguwar nan, kuma duk leda aka samu.

Na mayar da ita ƙafa a gabansu. Kwanakin da suka rage na yi ta gwaji a ɗaka, da dafa bango, sannan ba dafawa. Ban yi gaggawar shiga gaba ba, don ba na son in ɓata wa mutane salla saboda son raina.

Jiya da azahar, ana sa ran ganin wata da yamma, na shiga masallaci na wuce turmin. Faruku ya tayar da iƙama, ya waiwayo yadda ya saba, da ya ga inda nake tsaye sai ya ja da baya ya shiga sahu. Na yi kabbara. Na yi ruku'u, na ɗago, na sauka. Gwiwa ta taɓa ƙasa ta tsaya cak, hannu ya bi, goshi ya bi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na ji sanyin yashi, na ji ƙanshin tabarmar da na sani tun ina yaro, na gama tasbihi na sake, na sake. Can sai na ji muryar Faruku a bayana, "Subhanallah." Wani ma ya ce, "Subhanallah." Sun ɗauka na kasa tasowa. Na yi kabbara na ɗago, na sake sujada, sannan na miƙe tsaye a kan ƙafafuna ban dafa komai ba. Na ji numfashin sahu gaba ɗaya ya sauka.

Da aka sallame Faruku ya matso idonsa jawur, ya ce, "Malam, mun tsorata. Gwiwar ce tar riƙe ka?"

Na ce, "A'a, gwiwa lahiya lau. Goshina na yag ga ƙasa, sunka tsaya gaisawa. Ka san an kwana biyu ba a haɗu ba."

Dattawa ba su sake tayar da maganar ba. Asham mun raba da Faruku, tunda ya riga ya sha wahalar bita, kuma muryarsa ta fi tawa daɗi. Turmin an mayar wa Yalwa, da shi aka daka geron kunun buɗa-baki.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu tallafa miki ranar da taki gwiwar za ta gaji. Ki je ki janye ƙararki. In kin zo da salla, da ƙafata zan raka ki bakin mota.

Wassalam.
Kakanki, Hashimu